Na'urar Gane Wuri ta Hannu: Aikinta da Iyakarta a Ƙasar Gwaram da Birnin Kudu

Gabatarwa

Tun zamanin fatauci, ayari ba ya barin zango sai da jagaba, watau mutumin da ya san hanya da mashigan ruwa da rijiyoyi. Mafarauci kan riƙe wani dutse ko wata kuka a matsayin shaidar hanyarsa ta komawa gida. Matafiyin dare kuwa yakan dubi Kaza da 'Ya'yanta, ko ya jira fitowar Gamzaki. A yau akwai wata na'ura wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da ake kira GPS, wadda kan gaya wa mai riƙe da ita inda yake tsaye a doron ƙasa. Masu hawan duwatsu da masu tuƙa ƙananan jiragen ruwa a ƙasashen Turai da Amurka sun daɗe da mayar da ita abokiyar tafiya. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana asalin na'urar, da yadda take aiki, da abin da za ta iya yi da wanda ba za ta iya ba, tare da ɗaukar misalai daga ƙasar Gwaram da Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa, inda duwatsu da kogi suka haɗu.

Asalin Tsarin

A shekarar 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko, mai suna Sputnik. Wasu masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka lura cewa ta sauraron sautin rediyon da yake aikowa ana iya gane inda yake a sararin sama. Daga nan sai aka juya tunanin: in dai an san inda tauraro yake, ashe mai sauraro ma zai iya gane inda shi kansa yake. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fara shirin GPS a 1973, ta harba tauraronsa na farko a 1978, kuma tsarin ya kammala da taurari 24 aka ayyana shi cikakke a 1995.

Da farko domin soja aka yi shi. Amma a 1983 wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce wa hanyarsa ya shiga sararin Tarayyar Sobiyat, aka harbo shi, mutum 269 suka halaka. Bayan wannan ne Shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin buɗe tsarin ga farar hula. Kamfanin Magellan ya fito da na'urar hannu ta farko ta kasuwa a 1989, a shekarar da aka kafa kamfanin Garmin. Duk da haka sojojin Amurka sun ci gaba da gurɓata saƙon da gangan, har kuskuren yakan kai mita 100. A watan Mayu na 2000 aka daina gurɓatawar, kuskure ya sauko zuwa 'yan mitoci kaɗan a fili mai sarari. Yanzu Rasha na da nata tsarin, GLONASS. Tarayyar Turai na da Galileo. Sin kuma na da BeiDou, wanda ta kammala a 2020. Na'urorin zamani sukan saurari fiye da ɗaya daga cikinsu a lokaci guda.

Yadda Take Aiki

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba ya fasa sanar da abu biyu: inda yake, da lokacin da ya aiko saƙon. Saƙon rediyo yana gudu ne kamar haske, watau kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Saboda haka idan na'ura ta auna lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso gare ta, ta san nisanta da wannan tauraro.

Alal misali, a ɗauka mutum ya ɓace a daji, sai aka ce masa tsakaninsa da Birnin Kudu kilomita 30 ne. Wannan bai wadatar ba, domin in aka kafa tsinke a Birnin Kudu a kan taswira aka zana da'ira mai wannan nisa, yana iya kasancewa a ko'ina a kan layinta. To, sai aka ƙara masa da cewa tsakaninsa da Gwaram kilomita 20 ne. Da'irar ta biyu za ta ratsa ta farko a wuri biyu kacal. In aka gaya masa nisansa da Dutse, ɗaya daga cikin wuraren biyu ya faɗi, saura ɗaya. Haka na'urar take yi da taurari. Sai dai agogon da ke cikinta mai araha ne, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana haifar da kuskuren mita 300 a ƙasa. Don haka take buƙatar tauraro na huɗu domin gyara agogonta.

Amsar da take bayarwa lambobi ne guda biyu: nisan wuri arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, da nisansa gabas ko yamma da layin da ya bi ta Girinwic a Ingila. Gwaram tana sama kaɗan da digiri 11 a arewa, kuma kusa da digiri 10 a gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, don haka wanda ya yi kuskuren lamba ɗaya wajen kwafa yana iya tura mai nemansa wata ƙaramar hukuma dabam.

Ayyuka uku ne matafiyi ya fi buƙata daga gare ta. Tana ajiye alamar wuri, kamar inda aka bar mota ko bakin mashigi. Tana rubuta sawun tafiya taki bayan taki, yadda mutum zai iya komawa ta inda ya fito ko da hazo ya rufe gari. Sa'an nan tana nuna shiyya da nisan duk wurin da aka ba ta lambobinsa. Wayoyin hannu ma suna da wannan fasaha, kuma tana aiki ko babu layin sadarwa, muddin an sauke taswira tun daga gida. Fifikon na'urar musamman shi ne jure ruwa da ƙura da faɗuwa, da amfani da batir wanda ake iya sauyawa a daji. Wasu ma an yi su ne su yi iyo in sun faɗa ruwa.

A Kan Duwatsun Birnin Kudu

A shekarun 1950 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya bayyana wa duniya zane-zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsun nan masu amo kamar kuge in an buga su. Galibin zanen na shanu ne, cikinsu har da marasa tozo, waɗanda suka bambanta da shanun da ake kiwo a yankin a yau. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ɗalibin da ya je ziyara da na'ura a hannu zai iya rubuta lambobin kowane kogo, ya haɗa da hoto da sunan da mutanen wurin suke kiransa. Irin wannan rubutu yana da nauyi, domin masu fasa dutse da masu faɗaɗa gini ba sa jira, kuma da wuya hukuma ta kare wurin da ba a san iyakarsa a takarda ba.

Amma a nan ne kuma raunin na'urar yake bayyana. Saƙon tauraro ba ya ratsa dutse. A ƙarƙashin rumfar kogo, inda zanen yake, na'urar takan rasa taurari, ko kuwa saƙon ya daki jikin dutse ya dawo, ta ba da amsa karkatacciya. Dabara ita ce a fito fili a ɗauki lamba, a rubuta taki nawa ne zuwa bakin kogon. Har wa yau, kibiyar da take nunawa miƙaƙƙiya ce. Ba ta san akwai rami ko gangare mai santsi tsakanin mutum da inda ya nufa ba.

A Bakin Kogi

Kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram, wanda ake kira Bunga a sama da Jama'are a ƙasa, ya samo asali ne daga tuddan Jos. Ma'anar wannan ita ce ruwa na iya cika shi cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka a Gwaram ba. Da rani yashi ne ake takawa da ƙafa; da damina sai kwale-kwale. Na'ura za ta taimaki mai jirgi ya gane mashiginsa cikin duhu, kuma in hatsari ya auku, lambobi sun fi "kusa da babbar tsamiya" saurin kawo masu ceto. Sai dai ba ta san zurfin ruwa ba, ba ta san ƙarfin igiya ba, ba ta kuma san jirgi ya yi lodi fiye da ƙima ba. Tsibirin yashin da aka yi wa alama bara yana iya ƙaura bana. Wannan ilmi yana wurin masunta da sarkin ruwa. Bugu da ƙari, na'urar gama-gari mai sauraro ce kawai: ba ta aika wa kowa labarin inda mai ita yake. Wanda ya shiga daji bai gaya wa kowa ba, da na'ura a aljihu, babu mai zuwa nemansa.

Ga Ma'aikacin Gwamnati

Daga 2012 aka shiga amfani da wayoyi masu GPS wajen bin sawun ma'aikatan rigakafin shan-inna a jihohin Arewa, aka gano rugage da ƙauyuka waɗanda taswirar da aka zana da hannu ta tsallake. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga nahiyar Afirka. Irin wannan aiki ya dace da rijiyoyin burtsatse, da burtalin shanu, da iyakokin gandun daji. Akwai tarko guda da ya kamata a sani: na'urar tana lissafi da ma'aunin duniya mai suna WGS 84, tsofaffin taswirorin Nijeriya kuwa an gina su ne a kan ma'aunin Minna. In aka ɗora lambobin ɗaya a kan ɗaya ba tare da gyara ba, wuri yakan goce da mitoci masu yawa, abin da ya isa ya haddasa rikicin gona. Shi ya sa na'urar hannu ba ta maye gurbin safiyo mai lasisi.

Kammalawa

A taƙaice, na'urar tana amsa tambaya ɗaya ce da ƙwarewa: ina mutum yake? Sauran tambayoyin tafiya, irin su ta ina za a bi, yaushe za a haye, me sunan wannan dutse, kuma wane ne mai wannan fadama, amsarsu tana bakin mutanen wurin. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Ɗalibi ko ma'aikacin da zai fita ƙasar Gwaram ya tafi da batir na ajiya da taswirar takarda, ya faɗa wa mai unguwa inda ya nufa da lokacin dawowarsa, ya nemi ɗan rakiya. Duk lambar da ya ɗauka ya rubuta sunan wurin a gefenta kamar yadda dattawan garin suka faɗa masa, domin wanda zai zo bayansa ya sami lambar da sunan a shafi ɗaya.