Layukan da kwamfuta ke tsallakewa, mutum kuma ya dogara da su

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin fiƙihu a zauren malam ya san ƙananan rubutun nan da ake cusawa tsakanin layuka ko a gefen shafi. Ba sa cikin matanin littafin, amma su ne ke buɗe wa ɗalibi abin da ya shige masa duhu. To, masu rubuta manhajar kwamfuta su ma suna da irin wannan. Sharhi ne da suke sakawa cikin rubutun manhaja, wanda na'ura ke tsallakewa kamar babu shi, an ajiye shi don ɗan'adam da zai zo gyara daga baya.

Sharhin layi ɗaya ba shi da wata wahala. Wanda nake son mu duba shi ne mai tsawo, wanda ke cin layuka uku, goma, ko ashirin. A nan ake ajiye bayani mai nauyi, a nan kuma ake yawan zamewa.

Kowane yare da ƙofarsa

A yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell Labs a Amurka wajen 1972, ana buɗe dogon sharhi da /* a rufe shi da */. Salon an aro shi ne daga yaren PL/I na kamfanin IBM, kuma Java, JavaScript, PHP da CSS duk sun gaje shi. Ga misali, a ce manhajar tura kuɗi ta waya ce:

/* Kada a rage lokacin jira ƙasa da daƙiƙa 30.
   Layin sadarwa yakan yanke a ƙauyuka.
   In aka sake turawa da wuri, kuɗin zai fita sau biyu. */

A HTML ana buɗewa da <!-- a rufe da -->. Ruby na da =begin da =end, Lua kuma --[[ da ]]. Shi kuwa Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma matasanmu da yawa ke fara koyo da shi, ba shi da alamar dogon sharhi kwata-kwata. Ƙa'idarsa ta rubutu mai suna PEP 8 cewa ta yi a sa # a farkon kowane layi.

Na san wani zai ce, ai muna amfani da alamar zance uku, wato """. Haka ne, amma fa wannan ba sharhi ba ne, zaren rubutu ne da Python ke karantawa. Shi ya sa in ka rubuta C:\Users a cikinsa manhajar za ta ƙi tashi, don ta ɗauki \U a matsayin farkon lambar harafi. In kuma ya zo a layin farko na wani aiki, ya zama bayanin aikin a hukumance, wanda umarnin help() ke nuna wa kowa.

Ramin da ke tsakanin alamu biyu

Babban tarkon C shi ne sharhi ba ya shiga cikin sharhi. Na'ura na ganin /*, sai ta rufe ido har sai ta ci karo da */ na farko. Ka ga in mutum ya manta bai rufe sharhinsa ba, kuma akwai wani sharhin a ƙasa, duk umarnin da ke tsakaninsu ya haɗiye ke nan. Manhajar za ta tashi lafiya lau, ba ƙorafi, alhali layin da ke duba ko akwai kuɗi a asusu ya ɓace. Mafassarin GCC yana gargaɗi kan wannan in an kunna masa -Wall, sai dai gargaɗi ba ya amfanar wanda ba ya karantawa. Sababbin yaruka irin su Rust da Swift sun yarda sharhi ya zauna cikin sharhi. A C kuwa, masu gogewa in suna son kashe wani sashe na ɗan lokaci, #if 0 da #endif suke sakawa.

Tarko na biyu na masu gina shafukan intanet ne. Sharhin HTML da na JavaScript ba a kwamfutar mai shafi suke tsayawa ba, suna tafiya har wayar mai ziyara. Duk wanda ya buɗe tushen shafin zai karanta su. Wanda ya ajiye kalmar sirri a can da sunan tunatarwa, tamkar ya rufe shago ne ya rataye makulli a jikin ƙofa.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, mu masu ajami. A ƙarshen 2021, Nicholas Boucher da Ross Anderson na jami'ar Kambirij a Ingila suka bayyana wata dabara da suka kira Trojan Source. Tsarin haruffa na Unicode yana da wasu alamu marasa ganuwa da ke juya alƙiblar rubutu, don Larabci da ajami su tafi daga dama zuwa hagu. Masu binciken sun nuna cewa in aka ɓoye alamun cikin sharhi, idon mutum zai ga umarni kamar yana cikin sharhin, na'ura kuwa ta aiwatar da shi. Bayan haka GitHub ya fara nuna gargaɗi a kan fayilolin da ke ɗauke da irin waɗannan alamu.

Sharhin da ya fi kowane suna

A cikin Unix na shida, wanda ya fito a 1975, akwai wani dogon sharhi a wurin da kwamfuta ke sauyawa daga aiki zuwa aiki. Ya yi bayanin dabarar cikin ƴan layuka, sannan ya rufe da gaya wa mai karatu cewa ba a sa ran zai gane. John Lions, malami a jami'ar New South Wales ta Ostireliya, ya rubuta sharhin wannan Unix layi bayan layi don ɗalibansa. Dokar lasisi ta hana yaɗa littafin, ɗalibai suka riƙa kwafarsa hannu da hannu, sai a 1996 aka buga shi a fili.

Daga baya Ritchie ya bayyana cewa ba ƙalubale suka yi nufi ba, irin maganar malami ce mai cewa wannan ba zai fito a jarrabawa ba. Ya kuma yarda cewa su kansu ba su gama fahimtar wurin ba, don da suka zo mayar da Unix kan wata na'ura dabam sai dabarar ta ƙi aiki, dole aka sake ta. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, inda sharhi ya kasa bayani, sau da yawa manhajar ce ke da ciwo.

Me ya kamata a rubuta?

A ganina dogon sharhi aikinsa faɗin dalili. Abin da umarni ke yi, mai karatu zai gani da idonsa. Abin da ba zai gani ba shi ne me ya sa aka zaɓi daƙiƙa 30 maimakon 5, wace hanya aka gwada ta ƙi, da abin da zai lalace in an taɓa. Kuma in ka gyara umarni, ka gyara sharhinsa a zama ɗaya. Na'ura ba ta duba sharhi, saboda haka tsohon sharhi zai iya shekara goma yana ƙarya ba wanda ya tsawata masa.

Batun harshe kuma, ɗalibanmu a Yamai, Maraɗi ko Damagaram sukan ɗauka dole sai da Faransanci ko Turanci. Ba dole ba ne. Tun fitowar Python 3 a 2008, tsarin UTF-8 ne asalin fayilolinsa, don haka ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suna zama cikin sharhi ba matsala. In abokan aikinka Hausawa ne, bayani mai kyau da Hausa ya fi gurguwar Turanci. In kuma manhajar za ta fita duniya, sai ka rubuta da harshen da masu gyaran za su gane.

Mai gyaran nan kuwa, sau da yawa kai ne da kanka bayan wata shida, ka manta komai, mai shago na kiran waya yana cewa kuɗin kwastomansa sun maƙale.