Labarin Flores, Garin Da Ke Tsakiyar Tafki A Ƙasar Gwatamala

A ƙasar Gwatamala, wadda ke kudu da Meziko cikin nahiyar Amurka, akwai wani tafki da ake kira Peten Itza. Tsawonsa ya kai mil 20, zurfinsa kuwa a wani wuri ya haura ƙafa 500, ba shi kuma da kogin da ke fitar da ruwansa. Kusa da gaɓarsa ta kudu akwai wani ɗan tsibiri mai tudu, a bisansa aka gina gari, sunansa Flores. Saboda ƙanƙantarsa mutum na iya kewaye shi da ƙafa cikin minti 20 ba da gaggawa ba. Yawancin baƙin da ke sauka nan kwana ɗaya suke yi, gari na wayewa su wuce kallon kufan Tikal. Wanda ya yi haka kuwa ya yi hasara, domin wannan ɗan tsibiri shi ne gidan sarauta na ƙarshe da ya rage wa mutanen Maya, kuma kusan duk abin da ido zai gani cikinsa, a kan wani abin da aka rushe aka ɗora shi.

Daga babban birnin ƙasar zuwa can kamar mil 300 ne. Jirgin sama sa'a guda yake yi, a mota kuwa kwana ake yi a hanya. Masauƙin farko shi ne Santa Elena, garin da ke bakin gaɓa, inda kasuwa da tashar mota da filin jirgi suke. Daga nan an cike tafkin an yi hanya, tsawonta bai kai rabin mil ba, ita ce ke shiga tsibirin. Da shiga sai mutum ya tarad da lunguna 'yan matsattsu shimfiɗe da duwatsu, da gidaje jere masu jan kwano, wani an shafe shi da shuɗi, wani da rawaya, wani da kore. Kowane lungu in aka bi shi sama, dandalin da ke ƙwanƙolin tudu yake kaiwa. To, nan ya kamata baƙo ya fara zuwa. Zai ga farar majami'a, da ofisoshin hukuma, da waɗansu duwatsu sassaƙaƙƙu na mutanen dā da aka kafa don kallo. A wannan fili ɗakunan bautar mutanen Itza suke tsaye kafin a rushe su.

Su Itza wani reshe ne na Maya. Sunan da suka ba garinsu Nohpeten, watau babban tsibiri, sarkinsu kuma kowanne Kan Ek ake ce masa. Sa'ad da Sifaniyawa suka ci babban birnin Meziko a shekarar 1521, suka bi ƙasashen da ke kewaye suna ci ɗaya bayan ɗaya, amma wannan tsibiri ya gagara, don kurmi mai duhu na kwanaki da yawa ya kange shi, bayan kurmi kuma ga ruwa. A 1525 Kortes, wanda ya ci Meziko, ya ratso ta nan a kan hanyarsa ta zuwa Honduras. Sarki ya karɓe shi da mutunci, ya nuna masa hanya. Da zai tashi sai ya bar wani dokinsa da ya yi rauni a ƙafa, ya ce a duba masa shi har ya komo. Bai kuwa ƙara komowa ba.

Masu tarihi na Sifaniya sun rubuta cewa mutanen garin ba su taɓa kiwon doki ba, saboda haka suka girmama shi kamar babban baƙo, suna kai masa furanni da naman kaji da zuma, har yunwa ta kashe shi. Don tsoron abin da zai biyo baya suka ƙera siffarsa suka ajiye a ɗakin bauta, suna kiransa Tsimin Cak, suna danganta shi da tsawa. Bayan shekara 93, watau a 1618, waɗansu limaman Kirista biyu suka zo wa'azi, ɗayansu mai suna Orbita ya ga siffar nan, ya ɗauki dutse ya farfasa ta. Da ƙyar suka tsira da rayukansu. Har wa yau masu kwalekwale na ba baƙi labarin cewa akwai wani dokin dutse kwance a ƙarƙashin tafkin.

Abin da zai fi jan hankalin malamai shi ne mutanen nan ma'abota rubutu ne da hisabi. Takardarsu da ɓawon itacen ɓaure suke yin ta, su shafe ta da farar ƙasa, su nannaɗe ta ninki-ninki. Ƙirgensu da ashirin-ashirin yake tafiya, ɗigo ɗaya shi ne 1, layi ɗaya shi ne 5, suna kuma da alamar sifiri. Zamani kuwa sun kasa shi kashi-kashi, kowane kashi kwana 7,200, suna ce masa katun. In katun 13 suka cika, kimanin shekara 256 ke nan, sai ƙirge ya koma farko. A ganinsu duk abin da ya auku cikin wani katun zai sake aukuwa ran da sunansa ya zagayo.

Da wannan lissafi nasu aka yi musu makami. A farkon 1696 wani limami mai suna Abendanyo, wanda ya iya harshensu ya kuma nazarci ƙirgensu, ya iso tsibirin. Ya zauna da sarki da manyan gari, ya nuna musu cewa bisa ga littattafansu lokacin juyin zamani ya yi. Sarki ya karkata ga sulhu, har ma tun kafin haka ya aiki ɗan 'yar'uwarsa zuwa ga gwamnan Sifaniyawa a Merida. Waɗansu hakimansa kuwa suka ƙi, gari ya rabu biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwamnan nan, Martin de Ursuwa, ya riga ya sa ana saran kurmi ana yin hanya daga arewa. Da hanya ta iso bakin tafki ta yamma, ya sa kafintoci suka haɗa jirgin ruwa mai ɗaukar igwa. Ran 13 ga Maris 1697, cikin Sha'aban na shekarar 1108 ta Hijira, da sassafe, ya shiga jirgin da soja 108. Kwalekwalen Itza suka tare su da kibau, aka amsa da bindiga. Kafin rana ta yi tsaka gari ya faɗi. Jama'a suka yi ta faɗawa ruwa don su tsere, da yawa suka nutse. Sifaniyawa suka wuni suna farfasa abubuwan bauta cikin ɗakuna 21. Aka kama sarki aka tafi da shi kudu, bai sake ganin tsibirinsa ba. Daga zuwan Kortes zuwa ran nan shekara 172 ne. Daji da ruwa sun tsare su duk wannan zamani, hanya ɗaya da jirgi ɗaya suka gama da su. Daga nan tsibirin ya zama barikin soja da wurin tsare fursuna. Sunan Flores kuwa a 1831 aka sa masa, don tunawa da wani shugaba mai suna Sirilo Flores.

Littattafan Maya na kafin zuwan Turawa guda 4 kaɗai suka rage a duniya, ɗaya a Dresden ta Jamus, ɗaya a Madrid, ɗaya a Faris, ɗaya a birnin Meziko. Babu ko ɗaya a Gwatamala. Da yawa wani limami mai suna Landa ya ƙone su a garin Mani a 1562. Abin mamaki, shi wannan Landa ya rubuta waɗansu haruffansu cikin littafinsa, kuma da su wani masani ɗan Rasha, Knorozob, ya buɗe hanyar karanta rubutun a 1952. Saboda haka duwatsun da ke dandali yanzu ana iya karanta irinsu, a san sunan sarki da ranar da aka kafa su.

Bayan dandali sai baƙo ya gangara bakin ruwa ya yi cinikin kwalekwale mai inji, a daidaita kuɗi tun kafin a tashi. Cikin minti 5 za a tsallakar da shi San Migel, ƙauyen da ke fuskantar tsibirin ta arewa. Bayan ƙauyen akwai tuddai da itatuwa suka rufe, waɗanda gine-ginen dā ne, akwai kuma wata hasumiyar katako da aka sa wa sunan Sarki Kan Ek. Daga bisanta ake ganin Flores dukansa kamar faifai a kan ruwa, nan kuma mutum zai gane dalilin da ya sa garin ya daɗe bai ciwu ba. Wanda ke da sauran lokaci ya ƙarasa San Hose a gaɓar arewa, inda jikokin Itza suke zaune. A shekarun 1930 hukuma ta hana yara magana da harshensu, ana hukunta wanda ya yi. Yanzu tsofaffi ƙalilan ne suka rage masu jinsa sosai, ana ta ƙoƙarin rubuta shi da koya wa yara. Abin da bindiga ba ta ƙarasa ba, barin koyarwa ya kusa ƙarasawa.

Fatake su ma suna da abin lura a nan. Daga ƙarshen shekarun 1800 zuwa tsakiyar na 1900 arzikin garin ga wani ƙaro yake, wanda ake kira cikle, shi ake yin cingam da shi. Da damina masu aikin kan shiga kurmi watanni, su hau itacen da igiya, su tsattsaga ɓawonsa da adda, ruwan ya gangaro cikin jaka. Sa'an nan a dafa shi, a zuba a mazubi ya daskare curi-curi, a kai Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antu suka samo madadinsa na haɗi mai araha, kasuwa ta faɗi. Garin da ya dogara ga haja ɗaya da mai saye ɗaya, ran da mai sayen ya juya baya sai wahala. Yanzu baƙi su ne hajar Flores: masauƙai, da gidajen abinci, da kantunan saƙaƙƙun tufafi masu launi da ake kawowa daga duwatsun kudu, da sassaƙar katako ta ƙauyen El Remate. Kuɗinsu ketsal, sunan wani tsuntsu ne, harshen ciniki kuwa Sifaniyanci.

Ba a ce kada a je Tikal ba. Mil 40 ne daga Flores, kuma gani ya kori ji. Birni ne da aka bari wajen shekara ta 900, kurmi ya haɗiye shi, har a 1848 mai mulkin lardin, Modesto Mendes, ya tashi daga wannan tsibiri ya je ya rubuta bayaninsa. Gininsa mafi tsawo ya haura ƙafa 200, yana leƙo kan itatuwa. A 1979 aka sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. A tafi da asuba, kafin zafi, sa'ad da birai ke ruri cikin kurmi. Amma a ware wa Flores wuni guda cur.

Ga 'yan gargaɗi. Ruwan sama ya fi yawa daga Yuni zuwa Nuwamba, zafi kuma ya fi tsanani a Afrilu da Mayu. Da yake tafkin ba shi da mafita, a shekarun da ya cika yakan hau titin bakin ruwa ya daɗe bai janye ba. Abincin wurin wainar masara ce da baƙin wake da wani farin kifi na tafkin. Ana yawan girki da naman alade da kitsensa a ƙasar, saboda haka mai kiyayewa ya tambaya tukuna. Da la'asar sakaliya jama'ar gari da baƙi kan taru a gaɓar yamma, yara na iyo, mata na sayar da abinci a kan tebura, kowa na kallon faɗuwar rana. Wanda ya san labari, in ya tsaya nan, ya tuna ta wannan fuska jirgin Ursuwa ya ɓullo.