Katin sarrafa hoto: Abin da masu shagunan kwamfuta a Azare za su duba kafin su saya

A garin Azare, hedikwatar Masarautar Katagum, aikin shagunan kwamfuta ya wuce buga takardun ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Yau ana tace bidiyon biki, ana tsara fastocin 'yan siyasa da katin gayyata. Tsohuwar kwamfutar tebur kuwa takan yi ta jan ƙafa a irin wannan aiki, ga mai biki a tsaye yana jiran kayansa. Mafita mai rahusa ita ce a ƙara mata katin sarrafa hoto, wanda ke ɗauke wa ƙwaƙwalwarta nauyin bidiyo da zane.

Sai dai wannan saye ba na gaggawa ba ne. Da dala ake shigo da katin, kuma darajar naira ta faɗi tun daga watan Yunin 2023. Wanda ya je Kano ya dawo da katin da bai dace da na'urarsa ba, ya yi asarar jari da kuɗin mota.

Abu na farko shi ne ƙarfin wuta. Kwamfutocin gwanjo na ofis, irin siraran HP da Dell, akwatin wutarsu kan tsaya a wajen watt 240, alhali manyan katuna na neman ninkin haka. Shi ya sa ƙananan katunan Nvidia, irin GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019, suka fi dacewa, domin yawancinsu watt 75 da ramin PCIe ke bayarwa ya ishe su. Na biyu shi ne girma: siririyar kwamfuta sai gajeren kati. Na uku shi ne allo, domin waɗannan katuna ba su da kafar VGA, sai an haɗa da adafta.

Sanyawar kanta ba ta da wuya. A kashe na'ura, a zare wayarta daga soket, a taɓa ƙarfen jikinta kafin a kama katin, musamman a lokacin hunturu da bushewar iska ke tara lantarki a jikin mutum. A cire ƙarfen da ya rufe gurbin baya, a danna katin cikin doguwar kafar har makullinta ya kama, a ɗaure da noti. Sannan a mayar da wayar allo jikin katin, ba tsohuwar kafa ba, a sauke manhajar da ke tafiyar da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera shi.

Katin hannu yana buƙatar ƙarin lura. Bayan Ethereum ya daina tsarin haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Kada a biya sai an gwada, an ga fankarsa na juyawa, hotonsa ba ya tsinkewa.

Saura kulawa. Zafin bazara a ƙasar Katagum kan haura digiri 40, ƙurar hunturu na toshe fanka, wutar janareta kuma na hawa da sauka. Mai shagon da ya tanadi sitabilaiza, yake busa ƙura a kai a kai, ya ajiye na'urar inda iska ke ratsawa, shi katinsa ke daɗewa har ya mayar da kuɗinsa.