Gargaɗi ga 'Yan Kasuwar Agadez: Kada a Ci Bashin Korona da Ka

Wannan kira ne na gaggawa da aka yi a 2020 ga masu shaguna, maƙeran azurfa, dukawa, teloli, masu otal da gidajen abinci, masu motocin haya da masu kai baƙi yawon Abzin, da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, a birnin Agadez da kewayensa. Zancen kuɗin korona ya cika gari. Ana yin sa a tasha, ana yin sa a kasuwa, ana yin sa a majalisar shayi: wai gwamnati ta saki kuɗi, kowa ya yi maza ya karɓi rabonsa kafin mutanen Yamai su wawashe. Ku dakata, don Allah. Kuɗin nan bashin banki ne, da kuɗin ruwansa, da ranar biyansa. Wanda ya sa hannu bai gane haka ba, yana iya wayar gari gidan da ya gada ya fita hannunsa.

Ga yadda abin yake. A watan Mayu na shekarar 2020, ma'aikatar kuɗi, ƙarƙashin ministan lokacin, Mamadou Diop, ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar bankunan Nijar, wato APBEF, domin a ba kamfanonin da annoba ta taɓa rancen miliyar 150 na sefa. Miliyar 100 na manyan kamfanoni ne, miliyar 50 na ƙanana da matsakaita. Bankuna ne za su fitar da kuɗin, su ne za su duba takardun mai nema, su ne kuma za su ce e ko a'a. Abin da gwamnati ta sa a ciki shi ne lamuni na miliyar 50: ta tsaya wa rabin bashin ƙananan kamfanoni, da kashi ɗaya cikin huɗu na bashin manya.

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Da sun ji an ce gwamnati ta tsaya wa rabi, sai su ɗauka rabi kaɗai za su biya. Ba haka ba ne ko kaɗan. Lamunin nan banki yake karewa daga asara, domin ya saki jiki ya ba da rance a lokacin da kowa ke jin tsoro. Kai da ka karɓa, duka ake bin ka, har da kuɗin ruwa. In ka gaza, kanka banki zai fara zuwa, ya bi jinginar da ka ajiye, ya bi wanda ya tsaya maka. Ko da ya taɓa lamunin gwamnati, sunanka bai fita daga littafin bashi ba, domin a doka wanda ya biya wa wani yana da haƙƙin ya bi shi. Ban da wannan, akwai ofishin da ke tattara tarihin masu cin bashi a ƙasashen yankinmu masu amfani da sefa, wato UEMOA, kuma bankuna suna duba shi kafin su ba kowa rance. Wanda sunansa ya ɓaci a can, ko bayan annoba ta wuce, ƙofar banki za ta yi masa wuyar buɗewa a lokacin da kasuwa ta dawo, lokacin da jari zai fi yi masa amfani.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. Mun saba da kuɗin agaji a garin nan. Bayan dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure, aka fara kama motoci da direbobi a 2016, an zo da shirin sauya sana'a da kuɗin Tarayyar Turai, aka ce za a ba mutum kayan aiki na miliyan ɗaya da rabi. Dubban mutane suka rubuta suna, 'yan ɗaruruwa suka samu a zangon farko. Abin ya bar ɗaci, ya kuma bar wa mutane tunanin cewa duk kuɗin da ya zo da sunan hukuma rabo ne, mai sauri shi ke samu. Wancan kyauta ce, ba a bin kowa. A cikin matakan korona ma akwai na kyauta, kamar kuɗin wuta da na ruwa na Afrilu da Mayun 2020 da gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi. Rancen banki ba ya cikin wannan layi.

Tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya taka ƙofar banki ɗaya ce: da cinikin wa zan biya? Mu dubi garinmu da idon gaskiya. Baƙin da suka raya otal-otal da maƙera sun ja da baya tun tawayen 2007, sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. Shigar tsohon gari cikin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013 ta faranta mana rai, amma ba ta cika ɗakunan otal ba. An rufe wurin haƙar zinariya na Djado a 2017. Najeriya ta rufe iyakarta a Agustan 2019. Kamfanin haƙar ma'adinai na COMINAK ya riga ya sanar tun kafin annoba cewa zai rufe a ƙarshen Maris na 2021, kuma albashin ma'aikatansa yana cikin abin da ke juya kasuwar jihar nan a lokacin. A kan wannan duka korona ta faɗo: an samu mai cutar na farko a ƙasar ranar 19 ga Maris na 2020, aka rufe iyakoki, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da suka zama manyan masu sayen kayanmu suka daina zirga-zirga, taruka suka tsaya. Har tsakiyar 2020 iyakokin tudu a rufe suke ga matafiya, kuma a lokacin babu mai iya rantsewa da ranar buɗe su.

Ku shiga rumfar maƙerin azurfa a tsohon gari ku gani. Akwatin gilashi cike yake da sarƙoƙi masu alamar Agadez, da zobba, da 'yan kunne, an goge su suna ƙyalli. Kaya bai ƙare masa ba. Mai saye ne babu. In wannan bawan Allah ya ci bashi ya ƙaro azurfa, akwatin zai ƙara cika, aljihu bai ƙaru da ko dala ba, ga kuma banki yana jiran ƙarshen wata. Haka mai otal mai ɗaki goma da babu kowa a ciki, haka mai motar kai baƙi Timia da Iferouane da ta yi watanni a ajiye. Rance yana maganin ƙarancin jari. Rashin mai saye kuwa, rance ƙara masa nauyi yake yi.

Ku yi lissafin da alƙalami, kada ku yi shi da zuci. A ce mutum ya karɓi miliyan 3 da jika 600, zai biya cikin wata 36. Uwar kuɗi kaɗai jika 100 ce duk wata, ba a sa kuɗin ruwa ba, ba a sa kuɗin buɗe takarda da na inshora ba. Yanzu ya ɗauko cinikinsa na Afrilu, Mayu da Yuni, ya cire kuɗin kaya, da haya, da cefane, da haƙƙin yaran shago. In abin da ya rage bai haura jika 100 da sarari ba, to bashin ya fi ƙarfinsa. Kada ya yi lissafi da cinikin bara, kada kuma ya yi da cinikin da yake fata. Ko an ba shi 'yan watanni kafin ya fara biya, ya tambaya ko kuɗin ruwa yana hawa a cikin waɗannan watanni, ya sa a rubuta masa amsar.

Akwai kuma hidimar Babbar Sallah. Ina roƙon ku da girman Allah, kada kuɗin rance ya tafi a rago, ko ɗinkin yara, ko biki, ko sabon babur. Na san matsin da ake ciki, na san nauyin ido. Amma kuɗin da aka ci ba ya haihuwa, banki kuma ba ruwansa da inda ya tafi.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Da Faransanci ake rubuta yarjejeniyar, da ƙananan haruffa, shafi bayan shafi, mutum kuma yana jin kunyar ya ce bai gane ba. Kada ku ji wannan kunya. Ku nemi a ba ku kwafi ku tafi da shi gida, wanda kuka amince da shi ya karanta muku layi-layi da Hausa ko da Tamashek. Ku tambayi jimlar tsadar bashin a shekara, abin da suke kira TEG, wanda ya haɗa kuɗin ruwa da duk sauran caji. Doka ta yi masa iyaka a yankinmu: a 2020 ba ya wuce kashi 15 cikin ɗari a banki, ko kashi 24 a ƙananan cibiyoyin ajiya da rance. Wanda ya ce muku kashi 2 ne kacal a wata, ku sani ya riga ya kai 24 a shekara. In kuma a kan uwar kuɗin farko ake lissafa shi kullum, ba a kan abin da ya rage ba, to ya zarce haka nesa.

Ku kuma da ake zuwa wurinku a ce, "Yaya, sa mini hannu kawai, shaida ce," ko "Baba, aron takardar fili zan yi, wata shida in maido," ku buɗe kunne. A dokar kasuwanci ta OHADA da ake aiki da ita a Nijar, wanda ya tsaya wa mai bashi ana ɗaukar sa kamar shi ma ya ci, sai in an rubuta akasin haka. In mai bashi ya gaza, banki na iya zuwa kanku kai tsaye. Shi ya sa dokar ta ce mai tsayawa ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da lambobi da kalmomi, wanda bai iya rubutu ba kuma sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa abin da yake shiga. Kada kowa ya sa hannu a takardar da aka bar gurbin adadi a buɗe. Gidan gado kuwa, wanda marayu da mata da 'yan'uwa ke da haƙƙi a ciki, bai halatta mutum ɗaya ya kai shi jingina a ɓoye ba. Ku tuna kuma bashi ba ya mutuwa da mai shi: kafin a raba gado, sai an biya shi.

Akwai wata gaskiya da masu yaɗa zancen ba sa faɗa. Banki ba ya ba kamfani rance sai da rajistar kasuwanci, da lambar haraji ta NIF, da lissafin shige da ficen kuɗi a rubuce. Akasarinmu ba mu da waɗannan. Kasuwancinmu a ka yake da kuma amana. Wannan giɓi shi ne abincin 'yan damfara. Za su zo su ce sun san wani a Yamai, a ba su jika 20 ko 50 su sa sunanku a jeri. Za su turo saƙo ta WhatsApp da tambarin gwamnati, su nemi hoton katin shaida da lambar sirrin asusun wayarku. Wasu za su kawo muku labarin rancen naira biliyan 50 da Babban Bankin Najeriya ya buɗe a 2020 ta hannun bankin NIRSAL, su ce ku ma za a cusa ku. Wancan shirin Najeriya ne, shi ma kuma bashi ne. Mafi muni su ne masu cewa za su haɗa muku takardun kamfani na ƙarya, a raba kuɗin in ya fito. Su za su ɓace da rabonsu, sunanku ne a kan bashin, kuma laifin jabu yana wuyanku. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Babu jerin suna da ake saye. Mai son rance ya tafi reshen banki da ƙafarsa, duk abin da ya biya kuma ya karɓi rasit.

Wanda tun kafin annoba akwai bashi a kansa, akwai abin da ya kamata ya fara nema kafin sabon rance. A 2020 babban bankin yankinmu, BCEAO, ya buƙaci bankuna su ɗaga wa kamfanonin da korona ta taɓa lokacin biya na wata uku, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ba tare da kuɗin ruwa ko caji ko tarar jinkiri ba, kuma an faɗaɗa wannan sauƙi zuwa ƙananan cibiyoyin rance. Ba a ba mutum yana zaune a gida. Sai ya je ya nema a rubuce, ya riƙe kwafi. Ya yi haka tun bai fara saɓa wa'adi ba. Cin sabon bashi don toshe tsohon bashi shi ne hanyar da ta fi saurin kai mutum ƙasa. Haka nan a zauna da mai gidan haya da mai ba da kaya a yi magana ta fahimta, a rage abin da za a iya ragewa. Mata masu adashe su riƙe adashensu da kyau, ko da an rage zubi, kada wani ya rarrashe su su haɗa suna su ci bashin ƙungiya wanda in ɗaya ta gaza, sauran ne za su biya.

Ba ina cewa kowa ya guji rancen ba ne. Mai sayar da hatsi, mai kantin magani, mai jigilar albasa da kayan lambun Abzin zuwa kudu, wanda masu sayensa suna nan, kuɗin kaya ne kawai ya yanke masa, kuma lissafinsa a rubuce yake, wannan rance na iya tsayar da shi da ƙafarsa. Shi ma ya karɓi daidai buƙata, kada ya karɓi iyakar abin da aka ce zai iya samu. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da kuɗin ruwa ba saboda addini, ya tambayi malaminsa tun kafin ya shiga, ya kuma bincika tsarin saye da sayarwa na bankin Musulunci, shi ma ya san jimlar abin da zai biya.

Ina kira ga reshen majalisar 'yan kasuwa na Agadez, da shugabannin ƙungiyoyin masu sana'ar hannu, da fadar Mai Martaba Sarkin Abzin, da limamai, da gidajen rediyon gari, su fito su yi wa jama'a bayanin sharuɗɗan rancen nan da Hausa da Tamashek tun kafin Sallah, su kira ma'aikatan banki su amsa tambayoyi a bainar jama'a. Kai kuma da wannan saƙo ya iso gare ka, karanta wa maƙwabcinka na rumfa da bai iya karatu ba. In wani ya nemi kuɗi a hannunka da sunan zai samo maka rancen korona, kada ka ba shi ko dala. Kai ƙararsa wurin 'yan sanda ko jandarmomi a ranar.