Hoton ƙwaƙwalwa na hango gigin tsufa tun kafin mantuwa ta fara

Kakata ta wajen uwa ta shekara fiye da talatin tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, kuma ba a taɓa jin ta yi kuskuren canji ba. Wata rana sai muka ga ta ba yaro canji sau biyu. Bayan 'yan watanni ta fara tambayar ko Malam ya dawo daga kasuwa, alhali kakanmu ya daɗe da rasuwa. Mu a gida muka ce gigin tsufa ne, maƙwabta kuwa suna raɗa cewa sammu aka yi mata. Mun lissafa shekara uku tana cikin wannan hali kafin Allah ya karɓi abarsa. To amma a lissafin masu binciken ƙwaƙwalwa, irin wannan ciwo kan soma aikinsa a ɓoye shekara 15 zuwa 20 kafin ranar da za a ga kuskuren farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Mafi yawansu nau'in da ake kira Alzheimer ne ke damunsu. Sunan na wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya buɗe ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta ruɗe tun tana 'yar shekara hamsin da kaɗan. Ya tarar da abu biyu: wani dasƙararren datti a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda yanzu ake kira amiloyid, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin, waɗanda ake kira tau. Kusan shekara ɗari bayan nan, ba yadda za a ga waɗannan abubuwa ƙuru-ƙuru sai mutum ya mutu.

Abin ya canza a 2004, lokacin da William Klunk da Chester Mathis na Jami'ar Pittsburgh a Amurka suka bayyana wani sinadari da ke manne wa amiloyid. Ana yi wa mutum allurarsa, a kwantar da shi cikin na'urar da ake kira PET, duk inda dattin ya taru sai ya haska a hoton. A 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani sinadari makamancinsa don aiki a asibitoci, a 2020 kuma ta amince da wanda ke nuna tau.

Ta yaya aka san tsawon lokacin da ciwon ke yi a ɓoye? Amsar ta fito ne daga wasu ƙauyukan duwatsu a yankin Antioquia na ƙasar Kolombiya. Akwai wata babbar zuri'a a can mai dubban mutane, wadda ke gadon wannan ciwo kaka da kakanni. Wanda ya gaji lahanin, kusan tabbas ne zai fara mantuwa wajen shekara 44. Su ma can wasu sun daɗe suna danganta abin da sihiri, har likita Francisco Lopera ya shafe shekaru yana bin su gida-gida yana haɗa salsalarsu. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar matasansu masu ƙoshin lafiya, sai aka ga amiloyid ya fara taruwa tun suna wajen shekara 28. Ka ga saurayi yana noma, yana ciniki, bai manta komai ba, amma hoton ya riga ya nuna abin da ke tafe bayan shekara 16.

Na'ura ta biyu ita ce MRI, wadda aka fi sani a manyan asibitocinmu. Ita ba ta nuna amiloyid, siffar ƙwaƙwalwar take nunawa. Likitoci kan duba wani ɗan lanƙwasasshen sashe da ke can ciki daidai saitin kunne, wanda shi ke karɓar sabon abu ya adana. Shi ne ke fara motsewa, shi ya sa tsohuwa za ta ba ka labarin ranar aurenta tiryan-tiryan amma ta kasa tuna ko ta ci abincin rana. MRI na kuma nuna wasu fararen tabbai, alamar ƙananan jijiyoyin jini sun lalace. Ku riƙe wannan a rai, don za mu dawo kansa.

To fa, a nan ne ya kamata a yi hattara. Hoto ya haska ba yana nufin lallai mutum zai ruɗe ba. Idan aka gwada tsofaffi masu cikakken hankali, kusan kashi 30 cikin 100 ana samun amiloyid a ƙwaƙwalwarsu, kuma da dama cikinsu har su koma ga Mahaliccinsu ba su ruɗe ba. Wani bincike da David Snowdon ya yi kan mata masu zaman ibada na cocin Katolika 678 a Amurka ya gano wasu da suka rasu da hankalinsu garau, amma da aka duba ƙwaƙwalwarsu cike take da alamun ciwon. Masana na ganin karatu da yawan aiki da ƙwaƙwalwa na ba mutum wani guzuri da ke jinkirta bayyanar cutar. A matsayina na malamin makaranta, wannan ya tsaya mini a rai.

Sannan gani daban, magani daban. An ba tsofaffi fiye da dubu ɗaya masu amiloyid amma ba mantuwa wani magani mai suna solanezumab na tsawon shekaru, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna bai taimaka ba. Wanda aka gwada a zuri'ar Kolombiya shi ma bai kai gaci ba. Lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 yana share amiloyid, amma rage saurin ciwon kawai yake yi da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, ga waɗanda suka riga suka fara nuna alama. A 2023 kuɗinsa dala 26,500 ne a shekara, kuma yana iya jawo kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa. Saboda haka har a ƙasashen da ke da na'urorin, likitoci ba sa ba mai lafiya shawarar ya je a ɗauke shi hoto don kawai ya sani. A watan Mayun 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko da ke nuna alamar amiloyid, wanda ya fi PET sauƙi nesa ba kusa ba, amma shi ma ga masu shekara 55 zuwa sama ne da suka fara mantuwa.

Mu fa, ina muka tsaya? Mu koma kan fararen tabban nan. Babban abin da ke jawo su hawan jini ne, ciwon da kusan ba gidan da babu shi a zangonninmu, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba. Wani gwaji a Amurka kan mutum fiye da 9,000, wanda aka bayyana a 2019, ya nuna waɗanda aka matsa wajen sauke musu jini sun samu raguwar kashi 19 cikin 100 na shiga matakin farko na raunin tunani, kuma fararen tabbansu ba su ƙaru da sauri kamar na sauran ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji, raunin gani, kaɗaici da ƙarancin karatu, ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan rabin cutar mantuwa.

Ke nan ba sai mun jira PET ta iso unguwarmu ba. Ɗan shekara arba'in ya je a auna masa jini, in an ɗora shi kan magani kada ya ajiye don kansa ya daina ciwo. Baban da ake ɗaga wa murya, a kai shi a duba kunnensa. In kuma Iya ta fara maimaita tambaya ɗaya ko ta ɓata hanyar gidan da ta sani, a kai ta asibiti da wuri, domin akwai ruɗewar da ƙarancin sinadarin B12 ko ciwon maƙoƙo ko damuwa ke kawowa, kuma tana jin magani. Kada a bari a kira ta mayya. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, har hotonsa ana ɗauka. Mu dai kakarmu tana da hawan jini shekaru da yawa, kuma sai ranar da jiri ya ɗebe ta take neman ƙwayar maganinta.