Yadda Ake Ɗaukar Mota Mai Jan Ciki a Kan Tirelar Haya

A ƙasar Amurka akwai mutane da yawa waɗanda suke da sha'awar motocin tsere. A ranakun hutu sukan kai motocinsu filayen da aka tanada domin gwajin gudu. Sau da yawa filin yana da nisa, ga shi kuma motar kan iya lalacewa a can. Saboda haka mai ita yakan yi hayar wata ƙaramar tirela, wadda ake ƙullawa a bayan wata mota mai ƙarfi, ya ɗora motar tseren a kai. Wannan sana'a ta bayar da hayar tirela ta daɗe a ƙasar. Kamfanin U-Haul, wanda ya fi shahara a kanta, Leonard Shoen da matarsa ne suka kafa shi a shekarar 1945 a garin Ridgefield na jihar Washington.

To amma an ƙera tirelar haya ne domin motocin gama-gari. Idan aka zo ɗora mota mai jan ciki, wato wadda aka sauke jikinta har ya kusa taɓa ƙasa, sai a tarar da matsaloli guda uku: hawa, da zaman nauyi, da ɗauri. Dukkansu ana warware su ne da ilimin da ke cikin darussan lissafi da kimiyya na makarantar sakandare.

Dalilin sauke mota

Kowane abu yana da cibiyar nauyi, wato gurbin da za a iya ɗauka cewa nauyinsa duka ya tattaru a can. Idan cibiyar tana sama, mota takan karkata sosai a kan kwana. Idan tana ƙasa, motar takan zauna daram. Shi ya sa masu motocin tsere suke canza sifirin da shokozoba da gajeru. Haka kuma saukar jiki tana rage iskar da ke kutsawa ƙarƙashin mota. A shekarar 1977 kamfanin Lotus na Ingila ya fito da motar tsere mai suna Lotus 78, wadda aka tsara gefen cikinta yadda iskar da ke wucewa za ta riƙa janyo ta zuwa ƙasa, tayoyinta su ƙara kama kwalta.

Sai dai abin da ya zama alheri a filin tsere shi ne ke zama wahala a gaban tudu. Masu ƙera motoci sun san da haka. Motar Chevrolet Corvette ta shekarar 2020, alal misali, ana iya sayenta da na'urar da ke ɗaga gabanta da kimanin santimita 4 cikin 'yan daƙiƙu. Motar da mai ita ya sauke da kansa ba ta da irin wannan gata.

Matsala ta farko: kusurwar hawa

Bambar gaba tana gaba da taya. Saboda haka ita ce take fara isa gadar hawa, wato ƙarafan nan biyu da ake shimfiɗawa daga bayan tirela zuwa ƙasa. Idan gadar ta cika tsayuwa, bamba za ta dungure ta tun kafin taya ta fara hawa.

Ana iya sanin haka tun kafin a tayar da inji. A ɗauki misalin motar da tsakanin bambarta da ƙasa santimita 10 ne, kuma daga inda taya ta taɓa ƙasa zuwa bakin bamba santimita 90 ne. Idan aka raba 10 da 90 za a sami 0.11, wanda shi ne tan na kusurwar. Kusurwar ke nan kimanin digiri 6. Wannan ita ce iyakar gangaren da motar za ta iya fuskanta ba tare da ta goge ba.

Sai a duba tirela. A ce tsayin dandamalinta daga ƙasa santimita 50 ne, gadarta kuwa mita 2. Idan aka raba 50 da 200 za a sami 0.25, wanda shi ne sin na kusurwar gadar, wato kimanin digiri 14 da rabi. Ya ninka abin da motar za ta iya fiye da sau biyu. Kafin kusurwar ta sauko zuwa digiri 6, sai gadar ta kai kusan mita 5.

Akwai kuma wata kusurwa ta biyu wadda ake yawan mantawa da ita. Lokacin da tayoyin gaba suka hau dandamali, na baya kuma suna kan gada, ƙusurwar da gada ta haɗu da dandamali takan tunkaro tsakiyar cikin mota. Idan tsakanin tayoyin gaba da na baya santimita 250 ne, ciki kuma yana sama da ƙasa da santimita 10, doron da motar za ta iya tsallakewa bai wuce digiri 9 ba. Abin da ya haura haka zai kankare salansa ko ƙasan jikin motar.

Maganin duka biyun ɗaya ne, wato a rage tsayuwar gangaren. Hanya ta farko ita ce a jera katakai masu kauri kamar matakala a ƙarƙashin bakin gadar, yadda taya za ta fara ɗagawa tun kafin bamba ta isa ƙarfen. Ta biyu, a hau da tayoyin baya na motar da ke ja a kan katako. Wannan zai ɗaga gaban tirela, bayanta kuma ya sunkuya, domin tirela tana lilo ne a kan tayoyinta. Ta uku, a nemi wurin da ƙasa take da ɗan tudu, a sa bakin gadar ya sauka a kansa. Ko wace hanya aka bi, dole ne tirelar ta kasance a ƙulle da motar da ke janta, an ja birkin hannu, an kuma tokare tayoyi. Tirelar da ba a ƙulle take ba, gabanta zai yi tsalle sama da zarar nauyi ya hau bayanta.

A wasu tirelolin akwai ƙarfen da ke tare tayoyin gaba a ƙarshen dandamali, kuma bamba mai ƙasa ba za ta tsallake shi ba sai an shimfiɗa katako a inda tayoyin za su tsaya. Katakon kan taimaka kuma wajen buɗe ƙofa, domin ƙofar mota mai jan ciki takan bugi murfin tayar tirela, direba ya rasa ta inda zai fito.

Matsala ta biyu: inda nauyi ya zauna

Duk wanda ya taɓa loda amalanke ya san cewa idan kaya suka taru a baya, gabanta ɗagawa yake yi. Tirela ma haka take. Ƙa'idar da aka saba bi a Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimillar nauyin tirela da kayanta ya danna a kan mahaɗar da ke tsakaninta da motar da ke ja. Idan tirela tana da kilo 1,000, mota kuma kilo 1,400, jimilla 2,400 ke nan. Nauyin da ake so a kan mahaɗa zai kasance tsakanin kilo 240 da 360.

Ƙa'idar sikeli mai hannu biyu, wadda Akimidis na ƙasar Girka ya bayyana fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ita ce take nuna muhimmancin 'yar tazara. Idan daga mahaɗa zuwa tayoyin tirela mita 4 ne, matsar da motar gaba da santimita 10 kacal zai ƙara wa mahaɗa kilo 35, wato 1,400 sau 0.1 a raba da 4. Wannan ne ya sa kamfanonin haya suke cewa a shigar da mota da gabanta, tun da yake injin yawancin motoci a gaba yake. Wani yakan yi sha'awar shiga da baya don ya tsirar da bamba, amma yin haka yana mayar da inji bayan tayoyin tirela. Motoci irin su Porsche 911, waɗanda injinsu ke baya, suna bukatar a auna nauyin mahaɗarsu da sikeli maimakon a yi kirdado.

Idan nauyin mahaɗa ya yi kaɗan, tirela takan fara kaɗa gindi dama da hagu. A ƙaramin gudu kaɗawar takan mutu da kanta. Amma akwai gudun da idan aka wuce shi, kowace kaɗawa sai ta fi ta baya girma, har tirela ta juyar da motar da ke janta. Kamfanin U-Haul yana ba da shawarar kada a wuce mil 55 a awa, wato kimanin kilomita 88. Idan kaɗawar ta fara, abin da ya kamata direba ya yi shi ne ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya taka birki da ƙarfi. Idan kuwa nauyin mahaɗa ya yi yawa, bayan motar da ke ja zai durƙusa, gabanta ya yi sako-sako, sitiyari ya rage ji.

Matsala ta uku: ɗauri

A shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Idan direba ya taka birki, tirela za ta rage gudu, amma motar da ke kanta tana neman ci gaba. Dokar ɗaure kaya ta manyan motocin kasuwanci a Amurka ta tanadi cewa ɗauri ya iya jure turawar gaba da ta kai kashi 80 cikin ɗari na nauyin kayan, da kashi 50 zuwa baya ko gefe. Ga mota mai kilo 1,400, turawar gaba daidai take da nauyin kilo 1,120. Birkin hannu da giya ba abin dogaro ba ne a nan.

An fi son a ɗaure tayoyi da bel mai ƙarfi a kan a ɗaure jikin mota. Dalili kuwa shi ne, jiki yana kan sifirin, yana sauka yana tashi a kowane rami. Idan ya sauka bel zai saki, idan ya tashi ya fizge shi. Taya kuwa ba ta barin dandamali. Bayan bel akwai sarƙar tsaro, wadda ake maƙalawa a ƙarfen gindin mota da ɗan sassauci, ba a kan bututun birki ko salansa ba. Ya kamata a tsaya bayan 'yan kilomitoci na farko a sake ɗaure bel, domin girgizar hanya takan sassauta shi.

Gwaji a cikin aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan duka da motar wasan yara, da rula, da faifan katako, da littattafai. A auna tsayin gaban motar da tazararsa daga taya, a lissafa kusurwar, sannan a riƙa ƙara littafi a ƙarƙashin katakon har gaban motar ya taɓa. Ɗalibai su kwatanta kusurwar da suka auna da wadda suka lissafa. Haka nan za a iya ɗora rula a kan fensir, a sa ƙarshenta ɗaya a kan ƙaramin sikeli, a riƙa matsar da dutse gaba da baya ana karanta canjin nauyi.

A taƙaice, ma'auni huɗu ne suke raba tafiya lafiya da asara: tsayin bamba, da tazararta daga taya, da tsayin tirela, da tsawon gada. Wanda ya auna su a gida kafin ya biya kuɗin haya, zai san yawan katakon da zai tanada, ko ma ya gane cewa wannan tirela ba ta dace da motarsa ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai wuce tef ɗin awo da lissafin minti biyar ba.