Kafin a Kwashi Yara Zuwa Yankari ko Kan Dutse

Washegarin Sallah, ko ƙarshen zangon karatu, za ka ga motoci cike da samari da ɗalibai sun nufi Yankari, ko Gurara, ko dutsen da ke bayan gari. Fita ce mai kyau, sai dai yawancinsu shirin gidan biki suke yi: sabon ɗinki, takalmi mai santsi, waya cike da caji, ruwan sha kuwa ko oho.

Yankari aka fi zuwa. Gandun dajin yana ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, an buɗe shi ga baƙi tun 1962, kuma tun 2006 yana hannun gwamnatin jiha. Baƙo zaki yake tsoro, alhali da wuya ya yi ido biyu da shi. Wanda ba makawa zai gamu da shi gwaggon biri ne, a sansanin Wikki. Waɗannan birai sun saba da mutane har raini ya shiga. Suna fizge leda daga hannun yaro, suna kutsawa ɗaki ko mota idan an bar su a buɗe. Mu kuma muka ɓata su, da jefa musu biskit don a ɗauki hoto. Idan ɗayansu ya kama ledarka, sakar masa, kada ka yi kokawa da shi. Wanda ya samu cizo ko yakushi ya wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, ya nemi asibiti a ranar.

Ruwan maɓuɓɓugar Wikki ɗumi gare shi, wajen digiri 31 rani da damina, ga shi garai-garai har ana hango yashin ƙasa. Wannan hasken ne ke ruɗar mutum ya ɗauka ba zurfi, alhali akwai inda zai shanye babba. Malamin da ya kai ɗalibai kada ya sake su ya koma inuwa yana danna waya. In an fita kallon namun daji ta bakin kogin Gaji, a zauna cikin mota sai jagora ya ce a sauka. Giwa mai ɗa ba ta san wasa ba.

Dutsen Dala na Kano yana da matakala, shi ya sa wasu ke zaton kowane dutse haka yake. Irin su Kufena na Zariya falale ne, yayyafi kaɗan ya isa ya mayar da shi santsi, kuma a saukowa aka fi zamewa, lokacin da gwiwa ta gaji hankali ya koma gida. Da hadari ya haɗo a fara sauka, don tsawa wuri mai tudu take nema. Kada a zura hannu cikin tsagar dutse ko a ɗaga dutse da hannu, maɓoyar kunama da kububuwa ke nan. Ba banza ba aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Wanda maciji ya sara, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin tamau. A kwantar da shi, a hana shi yawan motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Magangarar ruwan Gurara ta jihar Neja kuwa da damina take cika ta batse, ruwan da aka yi can sama yana iya ƙara mata ƙarfi ko da inda kake tsaye rana ce tarwai.

Sai batun tsaro, wanda yanzu ya sha gaban komai. Dutsen da aka hau lafiya bara ba lallai ya hawu bana ba. A tambayi mai unguwa ko mutanen ƙauyen da ke gindinsa, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora a kuma sallame shi, a gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa, sannan a sauko kafin la'asar ta yi sanyi.